Ta ina za a fara nuna wa yara aikin masana'anta?

Tambaya daga wata malamar lakwal a Tahoua: Ina riƙe da ajin CM1, ƴan shekara 10 zuwa 12. Na tambaye su inda siminti yake fitowa, wani ya ce daga kanti, wata ta ce haƙo shi ake yi a zuba a buhu, alhali ga Malbaza mai masana'antar siminti nan a jiharmu. Ina so in kai su su ga masana'anta. Ta ina zan fara? Kuma wasu iyayen sun ce in dai sana'a ake so su sani, a kai su aparanti lokacin hutu ya fi. Me zan ce musu?

Malama, sannu da ƙoƙari. Shawarar farko ita ce kada ki fara da Malbaza. Babbar masana'anta ba ta nuna wa baƙo cikinta. Dutsen yana tafiya a rufe, wutar tana cikin bututu, masu sarrafa ta suna zaune gaban kwamfuta. Yaron da ba a shirya ba zai dawo da labarin ƙura da ƙara da manyan motoci, in kin sake tambayarsa yadda ake yin siminti ya ce miki inji ne yake yi. Kafin ya taka ƙofar masana'antar akwai abin da ya kamata idonsa ya saba nema: me ya shiga, me aka yi masa daki-daki, me ya fito, me aka zubar. Ya kuma saba da awo, ya san inda ba a kai hannu. Duk wannan ana koyonsa a unguwa, kusan ba tare da kashe ko dala ba.

Injin niƙa na bayan lakwal shi ne masana'antarku ta farko. Ki yi magana da mai injin tun jajibiri, ki zaɓi lokacin da layin mata ya ragu, ki je da yara 6 zuwa 8 a tafiya ɗaya, ba ajin gaba ɗaya ba. A fara da inji a kashe. Ya nuna musu mai ba da ƙarfi, injin gazuwal ne ko na lantarki, da bel ɗin da ya haɗa shi da maniƙa, da ƙafafun nan biyu da bel yake zagayawa a kansu, da mazubin hatsi, da faya-fayan ƙarfe biyu masu zane da suke murje ƙwaya a tsakaninsu. Akwai wani maɗauri da yake murɗawa da hannu, shi ne yake matso da faifai ko ya sassauta shi, kuma nan ne bambancin ɓarza da gari mai laushi yake. Yara da yawa an sha aikensu niƙa amma ba su taɓa sanin abin da hannun mai inji yake yi a wurin ba.

Ki sa alli a gefen ƙafafun biyu, mai injin ya juya da hannunsa, yara su ƙirga sau nawa ƙaramar take zagayawa kafin babbar ta cika zagaye ɗaya. In hakan bai yiwu ba, keke ma ya isa. A kifa shi, a ƙirga haƙoran gaba da na baya. In na gaba 44 ne na baya 18, zagayen feda ɗaya zai juya tayar baya sau biyu da kusan rabi. Lissafin rabawa ne da suke yi a allo, ga shi yau ya fito a ƙarfe.

Sannan a auna tiya ɗaya ta gero a sikeli kafin niƙa, a sake auna garin bayan ya fito. Ba zai cika ba. Ki bar su su nemo inda ragowar ta tafi: ga ta a gashin girar mai inji, ga ta maƙale a cikin maniƙa, ga ta a ƙasa. Su taɓa garin su ji ɗuminsa, ki tambaye su me ya sa. Gogayya ce, kuma in faifai ya dakushe ko an matse shi fiye da kima, garin yakan yi zafi sosai, tuwonsa ya canza ɗanɗano. Shi ya sa ake cire faya-fayan a kai su wasawa, sai dai mata masu lura ba sa son garinsu ya zama na farko bayan an wasa, saboda burbushin ƙarfe da yake shiga cikinsa.

Kafin a tada injin ki ja layi a ƙasa, taku 3 daga bel, kowa ya tsaya bayansa. Wannan ba wasa ba ne, musamman ga ƴan mata. Bel ba ya bambanta hijabi da hannu, abin da ya kama sai ya naɗe. A cusa hijabi cikin riga ko a ɗaure shi ta baya, haka ma hannun riga mai faɗi. Minti 10 da inji a kunne ya wadatar. Ma'aunin ƙara mai sauƙi shi ne: in sai kin ɗaga murya kafin wanda yake nisan hannu da ke ya ji, ƙarar ta kai wajen desibel 85, iyakar da ake fara ba ma'aikaci abin toshe kunne.

Darasi na biyu a cikin aji ake yinsa, kuma a ganina shi ne ya fi kowanne nuna abin da ya raba masana'anta da sana'ar mutum ɗaya. Ku ɗinka ƙananan kaye. Kowane ɗaya yana buƙatar farar takarda 5, bango daga tsohon kwali mara kauri, zare, babbar allura mara tsini, ƙusa ɗaya da guntun katako na hudawa. Aikin kashi 6 ne: ƙirga takardu, ninka su biyu, yanka bango, huda rami 3 a kan ninkin, ɗinkewa, dubawa. A zagaye na farko yara 6 kowa ya yi nasa daga farko har ƙarshe, minti 15, a ƙirga abin da aka gama. A zagaye na biyu su jeru a tebur ɗaya, kowa ya riƙe kashi ɗaya, yana miƙa wa na kusa da shi.

Ga abin da zai faru, kuma kada ki hana shi faruwa. Ƙirgawa da ninkawa ƴan daƙiƙoƙi ne, ɗinki kuwa yana cin fiye da minti ɗaya. Cikin ɗan lokaci takardu za su taru tsibi a gaban mai ɗinki, mai dubawa yana zaune yana hamma, sauran su fara cewa wance ce take jan ƙafa. A nan za ki tsayar da su. Laifin ba nata ba ne, na tsarin ne: layi ba ya wuce saurin wurin da ya fi cin lokaci, ko da na farkon layin aljanu ne. Ki tambaye su mafita. Wani zai ce ta yi sauri, su gwada su ga ɗinkin ya karkace. Can wani zai ce mai ƙirgawa ya haɗa da ninkawa, wanda ya samu sarari ya koma ɗinki. A yi zagaye na uku da masu ɗinki biyu, a kwatanta adadin. Injiniyoyi a manyan masana'antu wannan matsalar suke bi da agogo a hannu, ba wata ba.

Wani abin da zai ɓullo shi ne ramukan ba za su zo daidai ba, wani kaye ya fito da takarda ta zarce bango. Maganinsa guntun kwali mai tsawon ninkin, an huda shi wuri 3, a riƙa ɗora shi ana hudawa ta ciki. Daga nan kowane kaye zai fito kamar ɗan'uwansa, ko wa ya huda. Mai dubawa ya ware waɗanda ba su yi ba, a rubuta yawansu a allo. Sai lissafin kuɗi: yara su tambayo farashin takarda da zare a kasuwa, a raba jimillar kan kaye masu kyau kaɗai. Nan za su gane cewa wanda ya lalace ma kuɗi ya ci, kuma masu kyau ne suke biyan bashinsa.

Kada ki rufe darasin ba ki tambayi mai ninkawa yadda ya ji ba. Zai ce ya gaji, ko ya ce abin ba daɗi, ninki kawai ninki kawai. Gaskiyarsa. Aikin masana'anta da yawa haka yake, abu ɗaya awa 8, wani a tsaye, wani cikin dare. Bai kamata a ɓoye wa yaro wannan ba. Gara ya san akwai mai cika buhu, akwai mai gyaran inji, akwai mai gwaji a ɗakin bincike, kuma karatu ne yake raba musu wuri.

Yanzu sai siminti, tun da shi ya jawo maganar. Ki samo kilo 2 ko 3 wajen mai bulo, da rairayin gini, da robobin man shafawa ko na bota guda 6 masu girma ɗaya, a shafe cikinsu da ɗan mai don kada ya kama. Da ƙaramin kofi ɗaya za a yi dukan awo. Kwaɓi na farko siminti 1 rairayi 3, na biyu 1 da 6, na uku 1 da 10. Kowane kwaɓi a cika roba biyu, a daddanna sosai da guntun itace, a rubuta awon a jiki. Ruwa kaɗan-kaɗan ake zubawa, har kwaɓin ya riƙe siffarsa in an dunƙula ba tare da ya ɗiga ba. Ruwa in ya yi yawa aikin ya fi sauƙi amma bulon ya fi rauni, domin ruwan da ya wuce buƙata yana barin ƙananan ramuka in ya fita. Washegari a juye su. Uku, ɗaya daga kowane kwaɓi, a ajiye a inuwa, a rufe da jiƙaƙƙen buhu, a riƙa yayyafa musu ruwa safe da yamma har kwana 7. Sauran ukun a bar su a rana. Ranar gwaji a karce kowanne da ƙusa, sannan a sake shi daga tsawon mita ɗaya a kan daɓe.

Na 1 da 10 da ya sha rana da yatsa ma za a iya marmashe gefensa. Abin da zai ba su mamaki shi ne tagwayen da awonsu ɗaya amma ƙarfinsu ya bambanta. Dalili shi ne siminti ba bushewa yake yi ba kamar tubalin laka. Haɗuwa yake yi da ruwa ya zama dutse, kuma haɗuwar tana ɗaukar kwanaki, shi ya sa ake auna cikakken ƙarfinsa a kwana 28. Zafin Tahoua na watan Afrilu, ko busasshiyar iskar hunturu, suna kwashe ruwan kafin ya gama aikinsa. Daga nan yaro zai fahimci abin da yake gani a bakin hanya. Buhu mai kilo 50 in ana son bulo na kirki mai faɗin santimita 15 ba ya wuce 30 zuwa 35. Wanda ya ja shi ya kai 50 ko fiye, ya kuma yi rowar ruwa, shi ne bulonsa yake karyewa tun a amalanke.

Siminti jiƙaƙƙe yana ƙona fata, kuma ba ya zafi nan take, sai daga baya. Ke ko wani babba ne zai kwaɓa, da safar hannu ta roba. Yara su auna rairayi, su rubuta, su yayyafa ruwa. Kada a zazzage garin ta inda iska take kaɗowa wajensu. In ya faɗa ido a wanke da ruwa mai tsabta ba ƙaƙƙautawa har minti 15 zuwa 20, sannan a tafi likita, ba a murzawa.

Bayan wannan ne labarin Malbaza zai zauna musu. Ana yin siminti a can tun shekarun 1960, kuma ba don komai aka kafa masana'antar a wurin ba sai don dutsen yana nan. Dutse kaya ne mai nauyi, ya fi arha a kai masana'anta wurinsa da a kawo shi wurinta. Dutsen farar ƙasa ne mafi yawan abin da yake shiga, wajen kashi 4 cikin 5, sai yumɓu. A farfasa, a niƙe su lilis, a tura garin cikin wani dogon bututun ƙarfe mai juyawa a hankali, an jere cikinsa da tubali mai jure wuta. Zafin yana kai digiri 1450. Abin da yake fitowa ba gari ba ne, dunƙule-dunƙule ne masu duhu kamar ƴaƴan aduwa, ana ce musu kilinka. In sun huce a sake niƙe su tare da ɗan jips, wani farin dutse mai laushi, kashi 3 zuwa 5 cikin 100. Ba don jips ɗin ba, da siminti ya sandare a cikin baro kafin magini ya kai shi bango.

Akwai ɗan gwaji mai daɗi a nan. Yara su tsinto duwatsu iri-iri, a ɗiga wa kowanne ruwan lemun tsami ko binegar. Wanda ya yi kumfa yana da farar ƙasa a jikinsa. In an yi sa'a a samu mai hoton ƙwanso a ciki, domin ƙasar Adar ta taɓa zama ƙarƙashin teku shekaru miliyoyi da suka wuce, kuma ragowar halittun tekun ne suka taru suka zama dutsen. Yaron da ya riƙe irin wannan a hannu ba zai sake cewa siminti daga kanti yake fitowa ba.

In kina da sauran lokaci ku haɗa kindirmo irin na leda, wanda kowa yake kira solani da sunan kamfanin Yamai. A dafa madara lita ɗaya har wajen digiri 85, a bari ta huce zuwa 43, a zuba cokali 2 na tsohon kindirmo, a rufe a wuri mai ɗumi awa 6 zuwa 8. In an zuba da sauran zafi ƙwayoyin da suke aikin za su mutu, madarar ta kwana yadda take. In cokalin ba shi da tsabta ta yi wari ko ta tsinke. Darasin tsabta ne da kiyaye awo, kuma a masana'antar abinci su ne komai.

Ita ziyarar kanta ba ta da wuyar tsarawa, sai dai a bi hanya. Takarda ta fita ta hannun diraktan lakwal da sanin masu sa ido na ilimi, kowane uba ko uwa su ba da izini a rubuce. Kada ki yi mamaki in babbar masana'anta ta ce ba ta karɓar yara ƙanana, hujjarta mai ƙarfi ce. In haka ta faru ki roƙi a turo muku ma'aikaci ɗaya ya zo aji da dutse da kilinka da jips a leda, sau da yawa wannan ya fi tafiyar amfani. In sun karɓa, babba ɗaya ga yara 5, takalmi rufaffe ba silifa ba, a tafi da sassafe, a ɗauki ruwan sha, mai ciwon asma kada ya shiga inda ƙura take. Abin tsoro na farko a harabar masana'anta ba inji ba ne, mota ce mai ja da baya, domin direban babbar mota ba ya hango yaro a bayansa. Kowane yaro ya tafi da tambaya ɗaya a rubuce, in ba haka ba za su yi tsit ko su tambayi albashi su duka.

Kafin a kai ga haka, cikin garin Tahoua akwai masu buga bulo, gidajen burodi, masu ɗura ruwan leda, kafintoci, dukawa da maƙera. In wata rana hanya ta kai ku Yamai, a kasuwar Katako ana narka tsohon alminiyom a zuba shi a ramin da aka siffata cikin rairayi ya fito tukunya, a Wadata da gidan tarihi na Boubou Hama kuma masu aikin hannu suna aiki a gaban mai kallo. Wurin zubi a tsaya nesa sosai: alminiyom yana narkewa a digiri 660, kuma in ya haɗu da danshi tartsatsi yake yi. Wurin mai walda doka ɗaya ce, ba a kallon hasken ko daga gefe. Ciwon ba ya zuwa sai bayan awa 6 zuwa 12, yaro ya farka cikin dare yana kuka kamar an zuba masa rairayi a ido, iyaye su rasa dalili.

Sai maganar iyayen. Ba su yi ƙarya ba da suka ce sana'a a hannu ake koyonta, kuma kada ki nuna musu kin raina aparanci, da shi aka samu yawancin magyaran da muke da su. Amma shekaru suna da magana. Dokar aiki ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumba 2012, ta hana a ɗauki yaro aiki ko da a matsayin mai koyo kafin ya cika shekara 14, aiki mai haɗari kuwa sai 18. Ɗalibanki ba su kai ko ta farkon ba. Kuma ki tambayi uban a hankali: yaron mai shekara 11 da aka kai gareji, me yake yi daga safe zuwa la'asar? Sayo shayi, wanke ƙarfe da fetur da hannu tsirara, riƙe wa mai walda ƙarfe ba tabarau, ɗaukar batir mai ruwan da yake cin fata. Ba a ba shi sifana sai ya shekara biyu ko uku. Haka yaran da suke tsintar jips a ƙauyukan Adar suna cika buhu, suna cikin sarƙar siminti amma ba wanda ya koya musu komai game da shi. Abin da za ki iya ba iyaye a madadin haka shi ne yaro ya je wurin kawunsa ko maƙwabci amintacce awa ɗaya ko biyu, a san abin da zai koya a ranar, ba ɗaukar kaya mai nauyi, ba inji mai juyawa, ba wuta, ba sinadari, kuma ya dawo ya ba da labari.

Ki kuma gaya musu hanyar da take gaba, domin da yawa ba su san da ita ba. Bayan CM2 akwai kwalejojin fasaha da ake kira CET, akwai cibiyoyin koyon sana'a na CFM a cikin kwaminoni ga waɗanda karatun bai yi nisa ba. Bayan BEPC akwai makarantar fasaha ta Dan Kassawa a Maraɗi da ta Issa Béri a Yamai, wanda ya samu bak kuma yana iya neman EMIG, inda ake horar da injiniyoyin ma'adinai da masana'antu. Mata ma ana ɗaukarsu, don haka in za a juya keke ko a riƙe sikeli, kada ya zama maza ne kullum a gaba.

Bayan kowace fita, washegari ba jibi ba, kowa ya zana abin da ya gani a akwati-akwati da kibiya a tsakani, daga abin da ya shiga zuwa abin da ya fito. Ki duba abin da suka manta. Galibi za ki tarar babu akwatin abin da aka zubar, babu inda ƙarfin injin yake fitowa, babu mai gyara. Waɗannan ukun su za ki rubuta a allo su zama tambayoyin fita ta gaba.